Tekun Meshak a Gonar Citta

Duk wanda ya zauna a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a daminar 1975 ya san Meshak, ko ya so ko bai so ba. Wata tara kacal ya yi a Legas, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya haƙa teku da hannunsa ya zuba mata ruwa. Ya sauko daga jirgi da hular matuƙa jirgin ruwa wadda ta fi kansa girma, da wata rariyar ƙarfe rataye a wuya, da gilashin ƙara girman abu mai tsaga a tsakiya. Tun a tasha, kafin ya gaida kowa, ya sanar cewa daga ranar sunansa Kyaftin.

Gaskiyar magana, wankin tukwane ya samu a wani jirgin ruwa na masu bincike. Turawan jirgin sukan zura akwatin ƙarfe da igiya har ƙasan teku, su ɗebo laka, su tace. In tukwane sun ƙare sai a miƙa wa Meshak rariya ya wanke. Akwai wata Baturiya mai surutu da ta rasa mai sauraronta sai shi. Wata rana ta jawo shi ta sa ya leƙa madubin likita, ya ga wasu tsutsotsi sirara kamar zaren ɗinki suna murɗa jiki. Ta ce masa a can ƙasa babu rana, babu shuka, duhu ne da sanyi, kuma abincin tsutsotsin daga sama yake zubo masu, ɗan garin matattun abubuwa yana sauka a hankali. Inda ya zuba da yawa, tsutsa ta yi yawa ta yi ƙiba. Inda bai zuba ba, sai ka tace laka guga guda ka samu 'yan tsiraru, su ma a rame. Iyakar ilimin da Meshak ya kwaso a wata tara ke nan, kuma da shi ya dawo ya addabi gari.

A gidan yayarsa Afiniki ya sauka. Mijinta ya rasu, ita ke noma, ita ke ciyar da gida. A kan gangaren bayan gidan tana da 'yar gonar citta, kuma cittar ba irin ta kowa ba ce. Maƙwabta duk yatsun biri suke shukawa, baƙar nan siririya. Ta Afiniki tafin giwa ce, mai faɗi mai ruwan ɗorawa, wadda mahaifiyarsu ta ɗauko a ka daga Kachia tun tana amarya. Uwar ta rasu, cittar ta zauna. Kowace shekara Afiniki takan ware iri kafin ta sayar da ko ɗan yatsa ɗaya, kuma a duk unguwar babu mai irin sai ita.

A wannan daminar ganyen cittar ya fara yin rawaya. Afiniki ta tare Malam Gilbert, malamin gona, a kan hanya, ta kusa jawo shi daga kan babur.

"Malam, ka zo ka duba mini citta na. Ganye ya zama kamar mai ciwon shawara."

Malam Gilbert ya tumɓuke guda, ya kakkaɓe ƙasa, ya nuna mata saiwar duk ta yi ƙululu.

"Tsutsa ce, Mama, irin wadda ido ba ya gani. Bana za ki samu rabi. Ki tsince masu lafiya ki ajiye iri, baɗi ki koma wani fili. Wannan kuma ki shuka masa acca shekara biyu."

Meshak na kwance a gindin mangwaro, hula a fuska. Jin an ambaci tsutsa ya miƙe zumbur.

"Sirara ne? Kamar zare? Suna murɗa jiki haka?" Ya murɗa ƙugu ya nuna.

"Haka suke," in ji Malam Gilbert.

"Na san su! Na san yayyensu, na san kakanninsu! Malam, kai a littafi ka gan su. Ni a gidansu na same su, mil uku a ƙarƙashin ruwa."

"Ka sauka can ɗin ne?"

"Akwatina ya sauka."

Malam Gilbert ya ce to, dangi ne na nesa, amma na teku daban, na gona daban. Bai ƙarasa ba Meshak ya ɗaga masa hannu kamar ɗan sandan kan titi. Malamin ya duba agogo, ya tuna ana jiransa a Kachia, ya tada babur ya tafi.

Kafin ƙarar babur ta ɓace Meshak ya gama tsara komai. Tsutsa inda abinci yake take taruwa, wannan sayans ne. To me ya zaunar da ita a gonar citta? Rashin wurin da ya fi. A gina mata teku, a yi mata duhu da sanyi da gishiri irin na garin kakanninta, a riƙa zubo mata abinci daga sama. Cikin mako uku ko ɗaya ba za ta rage a gonar ba.

"Rabi ya ishe ni," in ji Afiniki. "Ka bar mini abu na."

"Yaya, rabin cittar Mama? Ki zauna kina kallo tsutsa ta cinye rabin Mama?"

Nan ya same ta. Afiniki mace ce mai kai, ba a juya ta da daɗin baki, amma maganar uwarta takan kashe mata jiki. Ta dubi gonar, idonta ya kawo ruwa. Ta ce mako uku, ba ƙari ko kwana ɗaya.

Meshak ya kira gayya. Paulina, matar maƙwabcinsu Baba Kumai, ta dafa burukutu tulu huɗu, aka yi tuwon acca, mai ganga ya zo. Da hantsi maza suka hallara da fartanya suna tambayar ina ciyawar da za a nome.

"Babu ciyawa," in ji Meshak daga kan turmin da ya kifa ya hau. "Teku za mu haƙa."

Mai ganga ya tsaya da kiɗa. Baba Kumai, dattijo mai kiwon aladu, ya soshe ƙeya.

"Teku a Kafanchan? Mu da ko rijiya da rani sai mun yi faɗa?"

"Ƙarama ce, Baba. Ta gwaji."

"To me ya sa a saman tudu, a kan gona? Ruwa ai gangara yake yi."

"Ƙamshi ma gangara yake yi. Ta yaya tsutsa za ta san an yi girki in ba ta ji ƙamshi ba? Baba Kumai, ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka haƙa."

Da yake burukutu na nan yana kumfa a inuwa, babu wanda ya ga dalilin ƙara musu. Aka haƙa rami mai zurfin mutum ɗaya da rabi. Ƙasar da aka fitar Meshak ya sa aka tara ta ganuwa a gefen da ke fuskantar gona, don tekun ta ƙara zurfi ba tare da an ƙara wahala ba. Wannan dabarar ta burge shi ƙwarai, har ya sa mai ganga ya yi masa kirari a kanta.

Mata suka yi kwana biyu suna jido daga rafi. Gishiri kuwa Alhaji Musbahu ya bayar. Shi ne mai sayen citta a unguwar, yana da buhu biyu da ruwa ya taɓa a shagonsa suka daskare, kuma duk abin da zai ƙara citta a gari yana so. Aka farfasa su da taɓarya aka zuba. Meshak ya tsoma yatsa ya lasa, fuskarsa ta yamutse, ya ce daidai da ta Legas. Duhu bai ba da wahala ba, zana aka shimfiɗa a bakin ramin aka bar 'yar ƙofa a tsakiya.

Sanyi ne ya ɗan gagara. Meshak ya ari keke ya tafi kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ya roƙo ƙanƙara mai girman akwati, ya naɗe ta a buhu ya ɗaure a baya. Rana na tsaka. Da ya miƙe hanya da ya iso da abin kirki, amma ya tsaya wurin mai gyaran keke ya yi bayani, ya tsaya bakin kasuwa ya yi bayani, ya tsaya wurin masu jiran jirgin Jos ya sake tun daga farko, saboda wani ya zo a makare. Da ya iso gida, wandonsa ya jiƙe sharaf, buhun kuma babu komai a ciki. Ya kwance shi a gaban jama'a, ya matse a cikin ramin.

"Ina ƙanƙaran?" in ji Paulina.

"Sanyin yana cikin ruwan, Mama. Ba ƙanƙara muke nema ba, sanyi muke nema."

Sai batun abinci. Ba zai yiwu a juye shi haka kawai ba, dole ya zubo daga sama a hankali yadda yake yi a teku. Meshak ya kafa gwangwala huɗu a kan ramin, ya ɗaura wurin zama a can ƙoli, ya haye da rariya. Ranar Lahadi bayan sanarwa ya miƙe a coci ya roƙi mata kada su zubar da sauran abinci. Aka fara kawo ƙanzo, da tsamin tuwo, da kan kifi, da ɓawon doya. Babbar mai kawowa ita ce Paulina. Dusar burukutu da take ba aladun mijinta kullum ta koma kan Meshak, don ya yi mata alkawarin in an gama da tsutsar Afiniki, ta gonarta za a fara gayyata. Daga safe zuwa la'asar yana can sama yana kaɗa rariya, masu wucewa suna ɗaga kai suna gaishe shi, yana amsawa da ƙyar irin na mai babban aiki.

Mako guda ya wuce, citta ta ƙara rawaya. Afiniki ta tsaya a ƙasa, hannu a ƙugu.

"Meshak, sauko. Ina tsutsan da ka ce za su tashi?"

"Sun so tashi, Yaya. Hanya suka rasa."

"Hanya?"

"Kin taɓa ganin fasinja ya kai Jos babu layi? Haba, a Kafanchan aka haife mu."

Ai kuwa a Kafanchan aka haife shi, garin da yaro kan san mahaɗar jirgi kafin ya san baƙaƙen karatu. Ya ɗauki fartanya ya ja babban layi daga gindin ganuwa har ƙasan gona. Daga babban layi ya fitar da rassa, kowace kunya da nata. Inda rassa suka haɗu ya gyara mahaɗa, ya kafa sanda da jan tsumma a matsayin sigina. Ya barbaɗa gari da dusa a kowane layi don masu tafiya su samu guzuri. Sannan ya kwashe ganyen da Afiniki ta rufe cittar da shi tun shuka, wanda ke tsare mata danshi, ya ce in masauki ya yi daɗi baƙo ba ya tashi. Afiniki ta dafe kai ta kira sunan Yesu sau uku, amma ta riga ta ba da mako uku.

Fasinjojin farko kaji ne. Kajin unguwa gaba ɗaya suka bi layi suna tsattsaga, ba wadda ta kula da sigina. Meshak ya yini yana saukowa daga gwangwala yana kora yana hayewa, har zakaran Paulina ya gaji da shi ya bi shi da sara a ƙwauri. Ya ce wannan zagon ƙasa ne, kuma ya san masu turo su.

A mako na biyu tekun ta fara magana. Warinta ya gangara gona kamar yadda Meshak ya yi alkawari, ya wuce gona, ya shiga gidaje, ya kai har layin dogo. Ƙudaje suka zo daga garuruwan da ba a san da su ba. A coci 'yan mawaƙa suna waƙa suna marin kansu, Fasto kuma ya buɗe baki zai ce Halleluya ya haɗiye ɗaya, aka rufe wa'azi da tari. Mutane suka fara gunaguni. Ranar nan Meshak ya zura rariya da igiya ya jawo, sai ga ta cike da fararen tsutsotsi ƙosassu suna motsi.

"Ga su! Jama'a, ga su! Sun iso!"

Aka taru, kowa da hannu a hanci. Baba Kumai ya leƙa ya ja da baya.

"Wannan ai irin na masai ne."

"Na teku ne, Baba."

"Malam Gilbert ya ce ido ba ya ganin su. Ni ga shi ina ganin su, kuma ido na ɗaya ba shi da kyau."

"Da ke nan, lokacin suna cin citta. Citta yaji ce, wa ka taɓa gani ya yi ƙiba da yaji? Yanzu sun samu tuwo da kan kifi. Abinci ya yi yawa, tsutsa ta yi ƙiba. Abin da nake gaya maku ke nan tun da na dawo!"

Maganar ta shiga kan mutane, don a gaban idonsu abin yake. Paulina ta yi guɗa. Alhaji Musbahu, wanda ya toshe hanci da hannun riga, ya yi tambaya da murya a shaƙe.

"Kyaftin, tekun Legas ma haka take wari?"

"Ta fi haka, Alhaji. Wannan jaririya ce."

Baba Kumai kaɗai bai yi murna ba. Ya ce aladunsa sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, dusa duk ta tafi teku. Da damina kuwa doka ce a unguwar kowa ya kulle dabbarsa, ba a sake ta ta yi kiwo sai an girbe. Aladu bakwai suna cikin turke suna kuka, babbarsu, wata ƙatuwa da ake kira Madam, ta fara cin ƙofar. Meshak ya ce su yi haƙuri, sayans ba ya jiran alade.

Ranar Asabar da mako uku suka cika, ya shirya bikin buɗe teku. Ya gayyaci mai unguwa, da Fasto, da Alhaji Musbahu, da zumuntar mata da tulunansu na kiɗa, ya kuma aika wa Malam Gilbert takarda ta musamman cewa ya zo ya ƙaru. Da safe ya ga babban layi ya tsaya a ƙasan gona kawai, bai yi kyan gani ba, sai ya ƙara masa tsawo har bakin hanya don baƙi su bi shi su shigo. Ya zuba masa dusa mai kauri, sabuwa, mai ɗumi. Layin ya bi ta bayan turken Baba Kumai, taku biyu daga ƙofar da Madam ke ci.

Da la'asar wuri ya cika. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Kagoro, amma Meshak ya ce ya ga wanda ya fi shi a teku. Ya haye gwangwala, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Mai unguwa, Fasto, iyaye mata, da kai Malam Gilbert da ka ce a jira shekara biyu. Yau za ku ga abin da ko Kaduna ba su gani ba. Duk wani mai rai da ke jin yunwa a wannan yanki, na yi masa layi, na yi masa sigina, kuma ina tabbatar maku yana kan hanya!"

Bai rufe baki ba aka ji ƙarar katako ya karye. Jama'a suka waiga. Ga Madam a gaba, shida na biye da ita a jere, hanci a ƙasa, sun kamo babban layi suna tahowa kamar jirgin kaya. Zumuntar mata suka watse da tuluna. Alhaji Musbahu ya tattare babbar riga, mutumin da ko matakalar shagonsa sai an riƙe shi, sai ga shi a reshen mangwaro na biyu yana salati. Baba Kumai ya bi su da sanda yana kiran sunayensu, ko waiwaye ba su yi ba.

A mahaɗa suka rabu, abin gwanin ban sha'awa. Uku suka ɗauki rassa suka shiga kunyoyi, suka cinye dusar, suka ga ƙasa a buɗe babu rufi suka hau tono. Citta ta riƙa tashi sama. Sauran suka wuce ganuwa, inda dusar mako uku ta zube ta jiƙa, suka kafa hanci suna haƙa. Madam kuwa babbar tasha ta nufa. Ta taka zana, zana ta lotsa, ta ja da baya ta jingina da gwangwala tana susa.

"Oya! Kai! Ke! Baba Kumai, ka kama abinka!" Meshak na ihu daga sama, wurin zamansa na lilo.

"Ka ce sayans ba ya jiran alade," in ji Baba Kumai yana haki. "To alade ma bai jira ba."

Gwangwala ta ce ƙaras. Meshak ya taho daga sama, shi da rariya da kwandon kan kifi, ya fasa zana ya nutse. Da ya ɓullo, ɓawon doya a ka, ya buɗe baki ya kurma ihun da har yau tsofaffin unguwar suke kwaikwayo.

"Ku cece ni! Ban iya ruwa ba!"

Fasto ne ya fara magana, a hankali.

"Kyaftin bai iya ruwa ba?"

"A kicin nake! A kicin nake aiki! Ku miƙo sanda!"

"A kawo maka jirgin ruwa ne?" in ji Baba Kumai. Amma ya miƙa gwangwalar.

Kafin Meshak ya kama, sama ta tsage. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya taho daga kan tudu ya cika ramin. Ganuwar da aladu suka rarake ta yi ɗan nishi ta buɗe. Tekun Kafanchan gaba ɗayanta, da gishirinta buhu biyu da tuwonta na mako uku, ta kama babban layi ta gangara. A nan kam dole a yaba wa Meshak, aikin layinsa babu kuskure. Ruwan ya kai kowace mahaɗa ya rabu daidai, ya shiga kowane reshe, ba kunyar da aka manta. Shi kansa ya biyo babban layi a kan gadon baya, ya wuce sigina, ya tsaya a gaban takalmin Malam Gilbert.

Malam Gilbert na tsaye da lema. Ya sunkuya ya tsinci wata citta da alade ya tauna ya tofar, ya duba saiwarta. Ƙululun na nan yadda ya bar su.

"Meshak, wannan tsutsar a shekara guda da ƙyar take tafiyar kamu ɗaya. Abinci ba kiranta yake yi ba. Inda ya same ta, nan take ci ta hayayyafa. Na tekun ma haka ne, ba ƙaura suke yi ba."

Meshak ya tofar da abin da ke bakinsa. Ko a kwance a laka bai saduda ba.

"Amma dai za su ragu. Malam, ka faɗa wa jama'a gaskiya, za su ragu ko ba za su ragu ba?"

Malam Gilbert ya dubi gonar daga sama har ƙasa.

"Za su ragu ƙwarai. Ba ka bar masu abin da za su ci ba."

Jama'a suka fashe da dariya, har Alhaji a kan mangwaro. Meshak ya fara ɗaga hannu zai karɓi yabo, sai idonsa ya faɗa kan yayarsa. Afiniki ba ta dariya. Tana durƙushe a tsakiyar gona cikin ruwan, zaninta ya jiƙe, tana laluben laka da hannu biyu tana tsintar gutsattsarin citta tana sakawa a ƙwarya. Kuka take yi, ba ta ɓoye ba. Ɗaya bayan ɗaya masu dariya suka daina, matan zumunta suka ajiye tuluna suka shiga laka suna taya ta. Kunya ta kama Meshak irin wadda bai taɓa ji ba, ya so a ce ramin bai fashe ba ya koma ciki.

Abin da aka tsinto bai cika ƙwarya ba. Afiniki ta wanke, ta shanya a inuwa, ta rufe da toka. Gishiri ya riga ya shige su. Cikin kwana goma suka yi laushi suka ruɓe, ko ɗaya bai tsira ba.

Ba ta kore shi ba, ba ta kuma zage shi ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Sai da ruwan farko ya sauka a shekara ta gaba, kowa ya fara fito da irinsa, ta ɗauko kwando ta ajiye a gabansa.

"Ni ba zan je roƙo ba. Bakin da ya cinye gona na, shi zai je."

Ya bi gida gida. Mutumin da kan yi magana daga hantsi zuwa azahar ba ya haɗiye yawu, sai ga shi a ƙofar Baba Kumai yana neman kalma huɗu da ƙyar. Kowa ya ba shi, wani tafi ɗaya, wani biyu, kuma kowa sai da ya tambaye shi lafiyar teku. Alhaji Musbahu ya cika masa kwandon ya ce ya gaida Madam.

Da yamma ya dire kwandon a tsakar gida. Afiniki ta zauna ta juye shi a tabarma, tana ɗaga kowane ɗaya tana dubawa, har na ƙarshe. Duk baƙaƙe ne, sirara.

"Yatsun biri," ta ce. "Babu na Mama."

"Babu, Yaya."

Ta daɗe tana kallon tarin. Sannan ta share ido da gefen zani, ta shiga ɗaki ta fito da fartanya biyu, ta jefa masa ɗaya.

"Gobe da sassafe, sabon fili. Kai za ka yi kunya, ni zan shuka."

Meshak ya juya fartanyar a hannu. Tun a hanya wani tunani ke masa yawo a ka. Ya tuna yadda kukun jirgi kan tsirar da wake a cikin jiƙaƙƙen buhu cikin kwana huɗu, babu ƙasa babu taki. In wake ya yi, me zai hana citta? Buhu hamsin kawai ake bukata, da rumfa, da ɗan ruwan ɗumi.

"Yaya," ya ce, "akwai wata dabara da na gani a cikin jir..."

Afiniki ta ɗago kai. Ta gyara riƙon fartanyar da ke hannunta.

"Da sassafe," in ji Meshak. "Zan tashi da wuri."